Hannun da Aka Kusa Yi wa Likkafani: Ta'aziyyar Malam Isiyaku Sheshe

Ranar Lahadi, 20 ga Zulƙida 1446, wato 18 ga Mayu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Isiyaku a gidansa da ke unguwar Sheshe, cikin birnin Kano, yana da shekara saba'in da ɗaya. An kai shi makwancinsa bayan azahar. Ciwon suga ne ya daɗe yana ɗawainiya da shi. Ya bar matarsa Hajiya Jummai, da 'ya'ya biyar, da jikoki, da yayansa Alhaji Ado, da ɗalibai mata da shi kansa bai san adadinsu ba. Ni ɗaya ce daga cikinsu. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma, babu wanda zai yi saura.

Malam, ba hawaye kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kwana ɗaya da binne ka wata magana ta tashi a kanka, ta zaga unguwa, ta nemi ta ɓata sunan da ka shekara saba'in kana tattalinsa. Maganar ta mutu, alhamdulillahi, amma na san halin magana: tana iya kwanciya shekara goma, wani ya tono ta a bakin jikanka. Shi ya sa nake so a sami abin da ya faru a rubuce, daga bakin wadda ta gani da idonta. Sai dai kafin in kai can, dole wanda bai san ka ba ya san ko wane ne kai.

Na fara zama a gabanka a 1992, ina aji huɗu na sakandaren 'yan mata, kai kuma kana koyar da mu ilimin halittu. Ana gab da hutun Babbar Sallah ka ba mu aikin gida da ba mu taɓa jin irinsa ba. Ka ce kowace ta dawo da ƙasusuwan ƙafar gaba ta ragon layyar gidansu, daga kafaɗa har kofato, kuma kada a bari mahauci ya sa musu gatari. Da na kai saƙon gida a Koki, mahaifiyata ta riƙe haɓa ta ce ita dai ba ta taɓa jin malamin da ake yi wa tayin nama ya ce ƙashi yake so ba. Haka na tsaya a kan mai fiɗa kamar mai gadi, yana tsaki ina roƙo, har na tsira da ƙafata ɗaya.

Ranar da muka koma, ka sa muka jera ƙasusuwan a kan tebur. Ka buɗe wani akwatin katako, ka fito da fiffiken kaza, da na jemage, da ƙafar gaba ta damo, duk ƙashi zalla, an ɗaure kowanne da siririyar waya. Sannan ka naɗe hannun rigarka, ka ɗora naka hannun a gefensu, ka ce mu ƙirga daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ƙashi ɗaya a damtse. Biyu a ƙasansa. Sai tarin ƙanana da kake kira tsakuwa. Sai yatsu. Muka ƙirga a hannunka, muka ƙirga a na jemage, muka ƙirga a na damo, lissafin bai canza ba. Ka nuna mana cewa abin da muke kira gwiwar rago ta gaba, wuyan hannunsa ne, kuma a kan yatsu biyu yake tafiya, kofato kuwa farce ne. Jemage kuma ba komai yake tashi da shi ba sai yatsun da suka yi tsawo aka shimfiɗa musu fata. Ni dai tun daga ranar ban ƙara cin fiffiken kaza ban duba ƙashinsa ba, har 'ya'yana suna yi mini dariya.

Littafi ya kira wannan abu homoloji, ka rubuta mana shi a allo saboda jarrabawa, amma kai da naka sunan: kamannin gado. Ka ce kama iri biyu ce. Akwai kamannin sana'a, irin na teloli biyu da suka sunkuya a kan keke har ƙeyarsu ta zama iri ɗaya, alhali ba dangin iya ba na baba. Haka fiffiken fara yake da na jemage: duka tashi suke yi, amma in ka buɗe ciki ba abin da ya haɗa su, na fara ko ƙashi babu. Akwai kuma kamannin gado, wanda sana'a ba ta iya goge shi. Da kanka ka ba da misali. Ka ce yayanka Ado fataucin shanu yake yi kamar kakanninku, rana ta gasa shi, kai kuma alli kake shaƙa a inuwa, amma duk wanda ya ga hancinku ya san nono ɗaya kuka sha. Hannun mutum da fiffiken jemage da ƙafar rago aikinsu daban, gininsu ɗaya.

Ba ka taɓa ɓoye mana abin da masana suka fahimta daga wannan ba, cewa irin wannan kama shaida ce ta asali ɗaya da aka rarrabu daga gare shi tun zamani mai nisa. Ba ka kuma taɓa fashin jam'i ba. Wata a cikinmu ta taɓa tambayarka ko ba ka jin tsoron wannan karatu. Ka ce mata kai duk sanda ka buɗe akwatin nan tasbihinka ƙaruwa yake yi, kuma wanda ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fari halitta bai ce a duba da ido a rufe ba. Daga nan ka ce ta je ta wanke hannu, don ta taɓa mushe.

Ba kowa ne ya ɗauki abin da sauƙi ba. A unguwa ana kiranka Malam mai ƙashi, wasu da wasa, wasu da wata manufa. Alhaji Ado, mutumin kirki mai gudun abin kunya, ya sha ce maka mutum mai iyali bai kamata a gan shi yana bin mahauta da mafarauta yana tsintar abin da karnuka suka bari ba. Ka yi ta ba shi haƙuri, kana ci gaba da tsintarka. Da ka yi ritaya ka kwaso akwatin ka kawo gida, shi kuma ya daina shiga ɗakinka, sai dai ku gaisa a zaure.

Ni kuwa abin da ka yi mini ba zai faɗu ba. Ranar da aka fara feɗe kwaɗo a gabanmu na yanke jiki na faɗi. Da na farfaɗo ina jiran ka ce in koma ajin adabi, sai ka ce, “Sannu da aiki, Dakta Zubaida.” Sunan ya bi ni, 'yan aji suna tsokanata da shi, ni kuma zuciya ta ɗebe ni na ce sai na mai da shi gaskiya. Yau shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da ilimin ƙwayoyin gado a jami'a, kuma da wannan suna ake kirana. Wasa ka yi ko hange, ban taɓa samun ka faɗa mini ba.

Bara na kai maka ziyara da kwamfutata, don in rama ko kaɗan. Na nuna maka cewa abin da ka koya mana a ƙashi yana nan a rubuce can cikin ƙwayar halitta. Na jera maka tsarin insulin na mutum a sama, na saniya a ƙasa, wato sinadarin nan da jikinka ya gaza samarwa har kake yi wa kanka allurarsa. Gurbi hamsin da ɗaya ne, a uku kacal suka saɓa. Na ce maka saboda wannan kusanci ne aka shekara da shekaru ana ceton masu ciwon suga da na shanu, kafin a iya haɗa irin na mutum. Ka gyara tabarau, ka bi layin da yatsa gurbi-gurbi kamar mai bitar allo, ka ƙi yarda sai da ka ƙirga da kanka. Sannan ka yi dariya har da tari, ka ce, “Ashe saniya ba nono kaɗai ta ba mu ba. A gaya wa Ado, ko ya ƙara mata daraja.” Ban san ita ce dariyarka ta ƙarshe da zan ji ba.

To, ga abin da ya faru.

Washegarin rasuwarka, baƙi suka yi yawa, mata suka shiga gyara ɗakinka don a sami wurin saukar 'yan'uwan da suka zo daga ƙauye. Suka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ƙafar rago da fiffiken kaza ba su dami kowa ba. Amma a can ƙasa akwai wani gwangwani, a cikinsa wani abu naɗe da tsohon rawani. Wata maƙwabciya ta warware, sai ga ɗan ƙaramin hannu, yatsu biyar har da babban yatsa, daidai na yaro ɗan shekara uku. Takardar da ka liƙa a jikinsa gara ta cinye ta tuntuni. Matar ta saki salati da ƙarfi, kuma ka san gidan makoki ba ya riƙe sirri. Kafin la'asar magana ta kai Ƙofar Ruwa, ta dawo da ƙari: wai Malam mai ƙashi ashe hannun ɗan mutane yake ajiye da shi, wai da ma ruwa ba ya tsami banza.

Alhaji Ado ya yi abin da ya ga shi ne daidai. A wurinmu duk gaɓar ɗan Adam da aka tsinta ba a wulaƙanta ta, naɗe ta ake yi a farin ƙyalle a kai maƙabarta. Ya aika aka yanko yadi, ya ce bayan la'asar shi da mutum biyu za su je su binne abin shiru, a rufa wa mamaci asiri. Niyyarsa rufin asiri ce, ban taɓa shakka ba. Amma da ya yi haka, da ya sa hannu a kan zargin da hannunsa. Duk wanda ya ji cewa yayanka da kansa ya yi wa abin likkafani, wace shaida kuma zai nema? Kuma da ƙasa ta rufe shi, babu mai sake tono shi ya duba.

'Yarka Ikram ce ta kira ni tana kuka, da ƙyar na gane abin da take faɗa. Da na ji an ce gwangwani da rawani, na san ko mene ne. Na shigo gidan na tarar da Hajiya Jummai a zaune cikin takaba, ba ta kuka ba ta magana, ta kafe ƙasa da ido. Wannan shirun nata ya fi komai ƙona mini rai. Na wuce soro na ciki, inda Alhaji Ado ya shimfiɗa farin yadi a kan tabarma, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya. Sannan na ce, “Baba, don girman Allah kada a naɗe. Hannun biri ne. Ni na ɗaura masa wayar nan da hannuna.”

Na ba shi labarin yadda yake. A shekararmu ta ƙarshe a makaranta wani mai wasa da biri tsohon jan birinsa ya mutu, ka je ka roƙi gawar. Ka binne ta a bayan lambun makaranta wata huɗu, ka tono, muka wanke ƙasusuwan, ka ba ni hannun ka ce in haɗa. Sati biyu na yi ina fama, kana warwarewa kana cewa in sake. Alhaji Ado ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “'Yata, na ji. Amma ke ɗalibarsa ce. Ko ni na yarda, wa zai yarda a waje?”

Gaskiya ya faɗa, kuma ban ji haushi ba. Digirina ba zai yi aiki a bakin ƙofar gidan nan ba. Sai na roƙi a kira Baba Ɗanladi mai ɗori, tsohon da babu gidan da bai ɗora wa yaro karaya ba daga Sheshe har Koki, a kuma shigo da mai unguwa da liman su zama shaida. Aka yi haka. Kafin su iso na fito da sauran kayan akwatin na jera a kan tabarma yadda kake jerawa, na sa hannun a ƙarshe.

Malam, na yi darasinka a soron gidanka, a gaban dattawan da suka haife ni. Na nuna musu damtse, da ƙasusuwa biyu, da tsakuwa, da yatsu, a rago da jemage da damo. Na ce matar da ta yi salati ba ta yi hauka ba, kamar da ta gani gaskiya ce, kuma ita ce abin da ka ƙare rayuwarka kana koyarwa. Amma kama da wane ba ta wane. Na ce a ƙirga tsakuwar wuyan hannun. Liman ya sunkuya ya ƙirga da tsinke, ya sami tara. Na ce ta ɗan Adam takwas ce. Muna cikin mahaifa muna da ta taran, sai ta manne da maƙwabciyarta tun kafin a haife mu, biri kuwa tasa a ware take zama. Na ƙara da cewa yaron da hannunsa bai wuce wannan ba, yawancin tsakuwarsa guringuntsi ce, ba ta ƙosa ta zama ƙashi ba, da an binne ta ƙasa za ta cinye.

Da na gama bayani, Baba Ɗanladi ya matso. Ya miƙo hannu aka ɗora masa. Ya rufe ido, ya bi kowace gaɓa da babban yatsa, a hankali, kamar yadda yake laluben karaya. Ya daɗe. Sannan ya ce, “Shekara hamsin ina riƙe hannun yara. Ƙashin yaro ɗanye ne, kansa bai gama haɗewa ba. Mai wannan hannu ya tsufa tukuf. Ku dubi babban yatsan, ɗan guntu, ba zai riƙe ko cokali yadda muke riƙewa ba. Kuma da hannun yake taka ƙasa.” Ya ajiye, ya goge hannu a riga, ya ƙara da cewa, “Amma wallahi an yi kama. Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi su.”

Mai unguwa ya sauke ajiyar zuciya, ya ce to magana ta ƙare, a mai da kaya akwati a rufe. A nan ne Alhaji Ado ya ce a'a. Ya ninke farin yadin ya ba Ikram ta kai ciki. Washegari, ranar addu'ar uku, ya sa aka fito da tebur ƙofar gida, aka jera ƙasusuwan a fili, inda duk mai zuwa gaisuwa sai ya wuce ta gabansu. Bayan an shafa fatiha ya miƙe, tsoho mai shekara saba'in da takwas, ya dogara sanda ya ce wa jama'a su shaida: abin da aka gani hannun biri ne, kayan koyarwar ƙaninsa ne, wanda ke shakka ga shi nan ya zo ya ƙirga. Ya ce kuma kada a zargi matar da ta yi salati, don ita sau ɗaya ta gani ta tsorata. Ya ce shi ne ya fara zarginka, tun shekara talatin da suka wuce, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa ka buɗe masa ya gani ba.

Mutane suka yi layi. Na ga mahauta suna gardama a kan gwiwar rago, na ga wani dattijo ya naɗe hannun riga a ɓoye yana lalubar damtsensa. Gani ya kori ji. Baba Ɗanladi ya zauna a gefen teburin har azahar yana bayani kamar shi ya tara kayan. Da ka ga wannan aji, Malam, da ka ce a yi musu jarrabawa. Iyalinka sun yanke shawarar a mai da akwatin makarantar da ka koyar, kuma na ɗauki alkawarin sake rubuta wa kowane ƙashi sunansa da Hausa, a kan abin da gara ba ta ci.

Da jama'a suka watse, Alhaji Ado ya sa aka kira ni soro. Na same shi shi kaɗai, hannun nan yana kan cinyarsa. Ya ce, “Dakta, ke da kika yi karatu. In mutum ya nemi gafarar mamaci, yana ji?” Na ce masa wannan ba fannina ba ne, sai dai a tambayi malamai. Ya gyaɗa kai, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce to in zan rubuta wani abu a kanka, in sa a ciki, ko Allah zai isar.

Ga shi na sa, Malam. Yayanka Ado yana neman ka yafe masa. Na san amsarka, don na san ka, amma ba ni da ikon ba shi ita a madadinka.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ya dubi halittarka da ido buɗe, ya koya wa 'ya'yan mutane su duba, bai ci amanar ko ɗaya ba. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya shi dausayi daga dausayoyin Aljanna, ka sa ilimin da ya bari ya riƙa isa gare shi har ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Jummai, wadda ta ɗaga kai a ranar nan bayan ta kwana da abin da ya fi mutuwar ciwo. Ga Ikram da 'yan'uwanta da jikoki. Ga jama'ar Sheshe. Da ga 'yan'uwana ɗalibansa a duk inda aure ko aiki ya kai su. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu zuwan. Shi kuma Alhaji Ado, ya Ubangiji, ka haɗa shi da ƙaninsa a gidan da babu zargi, ya ji amsar nan daga bakinsa. Amin.

Dakta Zubaida Tajuddeen
Koki, Kano